Ku Tambaya Mu Amsa: Wace saba da wane firemwok zan ɗauka in gina manhajata?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon saƙonnin da suka shigo yawancinsu a kan abu ɗaya suke zagaye, shi ya sa na tattara su wuri guda. Na cire sunaye da lambobin waya, sauran kuma na bar su kusan yadda aka turo.

Tambaya: Salam Malam barka da ƙoƙari. Dan Allah shawara nake nema. Kawuna yanada makarantar firamare da sakandare anan Zariya ɗalibai sun kai wajen 700, shine yace tunda kwamfuta na karanta in yi musu fotal wanda iyaye zasu dinga duba sakamakon yara su kuma biya kuɗin makaranta ta ciki. Ni dai PHP na ɗan iya, Python kuma na taɓa kaɗan a makaranta, to amma abokaina a guruf sai cewa suke PHP ya mutu wai sai na koyi Node da React tukun, wani kuma yace ai Java ce ta manyan ayyuka in ɗora a Tomcat. Wallahi kaina ya ɗaure, wata biyu kenan ko layi ɗaya ban rubuta ba kullum ina YouTube ina kallon wanne yafi. Kuma maganar gaskiya har yanzu ban gane bambancin saba da firemwok ba. Daga ƙaninku a Zariya.

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanena. Wata biyun nan da YouTube ya cinye maka, da PHP ɗin da ka ce ka ɗan iya ka zauna da shi, da yanzu shafin shigar da ɗalibai ya tashi har kawu ya fara nuna wa malamai. Amma ba komai, mu fara da abin da ka ce ba ka gane ba, don idan ya warware rabin ruɗanin ya tafi.

Firemwok kod ne da wasu suka riga suka rubuta na abubuwan da kusan kowace manhajar yanar gizo take buƙata: wane adireshi zai kai mutum wane shafi, shiga da fita da kalmar sirri, magana da databes (rumbun da ake adana bayanai), tace abin da aka cike a fom kafin a adana. Laravel kenan a PHP, Django ko Flask a Python, Express a Node, Spring a Java. Ita kuwa saba furogiram ce da take kunne dare da rana tana jiran burauzar wani ta ƙwanƙwasa, kuma galibi biyu ne a jere. Ta gaba Nginx ce ko Apache, ita ke karɓar baƙo, ita ke riƙe da HTTPS (tsaron da ke ɓoye abin da ake turawa), hotuna da fayilolin CSS na kwalliyar shafi ita ke miƙa su da kanta ba sai ta tashi kod ɗinka ba. Ta bayanta ita ke gudanar da kod ɗin naka: PHP-FPM idan PHP ne, Gunicorn idan Django ne, Tomcat idan Java ce, Puma idan Rails ne, shi kuma Node da kansa yake zama saba. To ka ga abin da abokanka ba su faɗa maka ba, ba kasuwa biyu za ka ci ba, da zarar ka tsayar da yaren da za ka yi rubutu da shi, sabar ta riga ta zaɓi kanta. Ba wanda zai ɗora Laravel a Tomcat.

Maganar PHP ya mutu kuwa, tun kafin ka shiga sakandare ake yi masa wannan ta'aziyyar. WordPress da PHP aka rubuta shi, Wikipedia da kake buɗewa kullum a kan PHP take tafiya, Laravel tun 2011 da Taylor Otwell ya fitar da shi duk shekara sai sabon zubi ya fito, kuma PHP 8 da ya zo a ƙarshen 2020 ba shi da alaƙa da irin tarkacen da ake koyarwa a tsofaffin handawut. Masu cewa ya mutu ka tambaye su manhaja nawa suka ɗora wadda mutane ke amfani da ita yau.

Ni a wurinka Laravel da databes ɗin MySQL zan ɗauka, kuma dalilina na farko aljihun kawu ne. Hostin na haɗaka, wato hayar wuri a sabar da kuke rabawa da wasu, mai cPanel (shafin da ake sarrafa shi), irin wanda kamfanonin gida ke sayarwa da naira ka biya na shekara ka huta, kusan dukkansu PHP da MySQL suna ciki a shirye, kai dai ka loda fayilolinka. Node ko Java kuwa yawanci sai ka kama VPS, wato kwamfuta sukutum a hannunka, kai ne mai saka komai kai ne mai gadi, kuma mafi yawa da dala ake biya duk wata, ka san kuma yadda dala take da mu. Django shi ma zaɓi ne mai kyau ƙwarai, musamman saboda shafin admin da yake zuwa da shi, kana bayyana teburanka na ɗalibi da aji da darasi sai ga wurin shigarwa da gyarawa da bincike ya fito maka kyauta, ba mamaki tunda asalinsa a wani gidan jarida na jihar Kansas ta Amurka aka ƙirƙire shi don ma'aikata su dinga zuba labarai da sauri, aka sake shi ga duniya a 2005. Da ka ce min Python ka fi iyawa da shi zan ce ka ɗauka ba tare da wani dogon tunani ba. Amma PHP ka ce.

React kuma, kayan JavaScript da ke haɗa shafi a cikin burauza, ka ajiye shi tukun. Idan ka bi ta can manhaja biyu za ka gina, ta gaba da ta baya, ka haɗa su da API (hanyar da za su dinga magana da juna), ka yi fama da token (shaidar wanda ya shiga), kai kaɗai. Kuma ka tuna su wa za su buɗe fotal ɗin nan: uba ne a kasuwa da ƙaramar waya da datar da yake lallaɓawa, so yake ya ga ɗansa na nawa ya zo ya rufe. Shafin Blade, wato tsarin haɗa shafi na Laravel, da saba ta riga ta haɗa ta turo masa ya fi masa sauƙi nesa ba kusa ba akan ya zauna jiran tulin JavaScript ya sauka.

Sai dalili na biyu wanda matasa ba sa so a faɗa. Ba za ka dawwama a makarantar kawu ba, gobe bautar ƙasa ce ko aiki a Abuja, wa zai riƙe abin? Kamar sayen mota ne, wadda kowane bakanike a garinku ya san cikinta kuma kayanta na nan zube a Panteka ko Ƙofar Ruwa ta fi maka wadda ta fi ta kyau amma in ta tsaya sai an yi odar kaya daga waje. Mai iya Laravel ba zai yi wa kawu wuyar samu a Zariya ko Kaduna ba.

In ka tashi ɗorawa ka kula da abu uku, don a nan ake yawan zubar da mutunci. Foldar public kaɗai ya kamata duniya ta gani, in ka juye dukkan furojet ɗin cikin public_html to duk wanda ya rubuta adireshinka ya ƙara /.env a ƙarshe zai iya karanta kalmar sirrin databes ɗinka da makullin biyan kuɗi, kuma akwai bot-bot da ba su da aiki sai neman wannan fayil ɗin. Saitin APP_DEBUG, mai nuna bayanan kuskure a fili, ya zama false. Sannan ka duba wane PHP hostin ɗin ke ba ka, in 7.4 ne ka canza a cPanel ko ka canza kamfani, tun Nuwamban 2022 aka daina toshe masa ɓaraka. Bayanan yara ne fa za ka riƙe, sunaye da hotuna da lambobin iyaye, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya, makaranta ma ba ta tsira daga cikinta ba. Bakap ɗin databes kuma ka dinga saukewa wani wuri daban, wanda yake zaune a kan sabar da ta mutu ba bakap ba ne.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni 'yar kasuwa ce a Kano ina saida atamfa da leshi da turaren wuta, yawanci ta WhatsApp da Instagram. Oda ta fara yi min yawa ina mantuwa shine nace bari a yi min shafi mutane su zaɓa su biya da kansu. Wani yaro da aka haɗani dashi ya kawo min takarda wai zai yi min da maikurosabis da Kubernetes da wasu abubuwa da ban ma iya karantawa ba, kuɗin da ya faɗa ya kusa jarin shagon, kuma wai duk wata akwai na saba da dala. Yace in ba haka ba shafin zai faɗi ranar da kwastoma suka yi yawa. Gaskiya ne ko dai so yake ya ci kuɗina? Daga Hajiya a Kano.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya, Allah ya ƙara kasuwa. Ba zan ce cutarki zai yi ba, sau da yawa irin yaran nan abin da suka koya jiya ne suke ƙaiƙayin gwadawa, sai su gwada da kuɗin mutane. Amma abin da ya rubuto miki ba naki ba ne. Kubernetes daga Google ya fito a 2014, an yi shi ne don masu ɗaruruwan saba da rundunar injiniyoyi, maikurosabis kuma dabara ce ta raba babbar manhaja gunduwa-gunduwa saboda ma'aikata sun yi yawa suna taka ƙafar juna. Ke mutum ɗaya zai yi miki aiki, ƙafar wa zai taka?

Shagon intanet irin naki an riga an gama gina shi tuntuni. WordPress da WooCommerce a kai zai ba ki jerin kaya da hotuna da kwandon saye da lissafin yadi nawa ya rage, kuma Paystack da Flutterwave duk suna da abin haɗawa da shi, kwastoma ta biya da kati ko tiransifa oda ta shigo miki. Hostin na naira ya ɗauke shi. In kuma kina da wani tsari na daban da WooCommerce ba zai lanƙwasu ya yi ba, misali masu sara da kike ba bashi suna biya kaɗan-kaɗan kowacce da farashinta, to a nan ne za a rubuta miki na musamman da Laravel ko Django, manhaja ɗaya databes ɗaya saba ɗaya. Ranar da kwastomomi suka yi yawan da wannan ya kasa, ranar kina da kuɗin ɗaukar injiniyoyi goma, sai mu taya ki murna.

Abin da nake so ki tsaya a kai da ƙarfi ba sunan firemwok ba ne. Sunan shafin, wato domen, a yi rajistarsa da sunanki da imel ɗinki, ko .com ne ko .com.ng. Asusun hostin naki, asusun Paystack naki da asusun bankinki, shi a ba shi izinin shiga kawai. Kod ɗin kuma ya miƙa miki kwafi. Na ga 'yan kasuwa da yawa da suka saɓa da mai yi musu shafi, ya kashe waya, shekara ta zagayo domen ya mutu, kuma ba yadda suka iya saboda komai da sunansa yake. Sannan ki ce ya nuna miki a gabanki cewa shafin ba ya yarda an biya sai ya tabbatar daga wurin Paystack kansu, akwai saƙon da suke turowa saba mai ɗauke da sa hannu, dole a duba sa hannun a kuma duba adadin kuɗin, don da kobo suke lissafi, leshin dubu 50 zai zo a 5,000,000. In ya tsaya yana sosa ƙeya a wannan tambayar ki nemi wani.

Tambaya: Yallaɓai ina aiki a sashen ICT na wata hukuma a Kaduna. Mun gaji wata manhajar Java ta albashi da wani ɗan kwangila ya yi shekaru da suka wuce, fayil ɗin WAR ne (ƙunshin manhajar gaba ɗaya) a kan Tomcat 8. Oga yace a sabunta saba, na saka Tomcat 10 na kwafa WAR ɗin, Tomcat ya tashi lafiya amma ko wane shafi na buɗe 404 yake bani, wato ba a samu shafin ba. Wani abokin aiki yace Tomcat ai ba cikakkiyar saba bace mu sayi WebLogic. Mene ne gaskiyar lamarin?

Amsa: Ranka ya daɗe kar ku sayi komai tukun, matsalarku ba ta kuɗi ba ce. A 2017 Oracle ta miƙa Java EE ga gidauniyar Eclipse amma ta riƙe haƙƙin sunan Java, sai aka koma kiran abin Jakarta EE, daga zubi na 9 kuma aka canza sunayen fakitocin gaba ɗaya, duk inda kod yake cewa javax.servlet ya koma jakarta.servlet. Tomcat 9 shi ne na ƙarshe mai jin javax, Tomcat 10 jakarta kawai ya sani. Shi ya sa ya tashi lafiya, ya duba cikin WAR ɗinku bai ga abin da ya gane a matsayin sablet (kod ɗin Java mai amsa burauza) ba, ya yi shiru, kai kuma kana ta ganin 404.

Hanya mafi kusa ka sauke Tomcat 9 ka ɗora a kai, har yanzu ana fitar masa da gyara, oga ya samu sabuntawarsa albashi ya fita a kan lokaci. In kuma lallai sai 10, mutanen Tomcat suna da manhajar juya tsohon WAR zuwa jakarta, har ma akwai folda mai suna webapps-javaee da in ka jefa shi ciki Tomcat zai juya da kansa lokacin tashi. Yana aiki sau da yawa, amma tsofaffin laburaren da ɗan kwangila ya cusa ciki su ne ke ba da ciwon kai, don haka a wata kwamfuta daban za ka gwada, ba a kan wadda ake biyan mutane da ita ba, kuma ba ranar 24 ga wata ba. In kuna da asalin kod ɗin kuka ce za ku canza da hannu, kar ka yi "nemo ka maye" a kan kalmar javax gaba ɗaya, irin su javax.sql da javax.crypto na cikin Java kanta ne, suna nan yadda suke.

Abokin aikinka yana da rabin gaskiya. Tomcat bai ƙunshi dukkan Jakarta EE ba, babu wasu sassansa irin EJB da JMS a cikinsa, masu wannan su ne irin WildFly da Payara da Open Liberty da WebLogic da WebSphere. Amma manhajar da ta yi shekaru tana tafiya a Tomcat 8 ta riga ta nuna ba ta buƙatar waɗancan. Ko da ma tana buƙata, WildFly kyauta ne. Kuma duniyar Java ɗin ma ta juya, tun da Spring Boot ya fito a 2014 yawancin sababbin ayyuka Tomcat ɗin a cikin manhajar yake, fayil ɗin JAR ɗaya ka kunna shi ke nan, ba a ma maganar zuwa a girka wata ƙatuwar saba daban. In wata rana hukuma ta ce a sake rubutawa, can za ku dosa, ku dai sani Spring Boot 3 sai da Java 17 zuwa sama.

Tunda ka buɗe WAR ɗin, leƙa cikin foldar WEB-INF/lib ka ga ko akwai log4j-core (laburaren rubuta rahoton abin da manhaja ke yi) na zubi na 2 wanda ya girmi Disambar 2021. Ɓarakar da aka gano a lokacin tana ba mutum damar gudanar da abin da ya ga dama a sabarku daga nesa, kuma irin manhajojin da aka gada ba mai taɓawa su ne har yau suke ɗauke da ita. Shafin manager na Tomcat shi ma a rufe shi daga waje.

Tambaya: Barka Malam, ɗalibi ne ni daga Maraɗi. Na gama furojet ɗina da Django na kama ƙaramin VPS, ina shiga in rubuta python manage.py runserver shafi ya tashi, amma ina rufe kwamfutata sai ya mutu. Da na mayar da DEBUG zuwa False kuma duk kwalliyar shafin ta ɓace ya koma fari fat. Django ne bai da ƙarfi in koma wani?

Amsa: Django lafiyarsa ƙalau ɗan'uwa, Instagram ma da shi aka gina ta. Runserver na gwaji ne a kan kwamfutarka, su kansu masu Django sun rubuta ɓaro-ɓaro kar a yi aikin gaske da shi, kuma yana mutuwa ne saboda a cikin zaman SSH ɗinka, wato haɗin da kake shiga sabar da shi daga nesa, yake raye, ka fita ya bi ka. Saka Gunicorn, ka rubuta masa ɗan fayil na systemd (mai kunna furogiram a Linux) mai Restart=always don ya tashi da kansa in ya faɗi ko an sake kunna saba, ka sa Nginx a gabansa. Yawan ma'aikatan Gunicorn, ƙa'idar da suka bayar ita ce ninki biyu na yawan ƙwaƙwalwar CPU ta sabar a ƙara ɗaya, mai ƙwaƙwalwa ɗaya 3 kenan, kar ka zuba 20 a kan RAM na giga ɗaya. Kwalliyar da ta ɓace kuma ba ɓata ta yi ba, in DEBUG ya zama False Django yana daina miƙa CSS da hotuna ne da gangan, sai ka saita STATIC_ROOT ka yi collectstatic ka nuna wa Nginx foldar, ko ka saka WhiteNoise in ba ka son wahala. Kar ka manta ALLOWED_HOSTS. HTTPS kyauta ne da Certbot. In ka ga 502 Bad Gateway to Nginx na nan Gunicorn ne ya kwanta, umarnin journalctl zai gaya maka dalili. Aikin yamma ɗaya ne.

Tambaya: Malam muna da fotal na wata kwaleji a Jos da aka yi da Laravel, kullum lafiya lau amma ranar da aka saki sakamako sai ya dinga juyawa har ya ɗauke, ɗalibai su yi ta zaginmu. Ina tunanin in sake rubuta shi da Node ko Go tunda ance sunfi sauri. Sannan wani abin mamaki, duk ɗalibar da sunanta Sa'adatu ko Asma'u in an neme ta a akwatin bincike sai shafin ya kawo kuskure.

Amsa: Bari in fara da ta ƙarshen don ta fi gaggawa, kuma ba abin mamaki ba ne, abin tsoro ne. Alamar nan da ke tsakiyar Sa'adatu da Asma'u da Mu'azu ita ce alamar da SQL, yaren da ake magana da databes da shi, ke rufe zance da ita. Tunda tana fasa muku bincike, to wani ya rubuta kweri, wato tambayar da ake tura wa databes, da hannu yana manna abin da aka rubuta a akwati kai tsaye cikinsa, ya tsallake Eloquent, sashen Laravel mai magana da databes. Ma'ana duk ɗalibin da ya ɗan san kan abin zai iya rubuta umarni a wannan akwatin ya karanto teburin da bai kamata ya gani ba, ko ya taɓa maki. Nemo duk inda aka yi DB::raw ko whereRaw ko DB::select da haɗa zance, ka mayar da su masu alamar tambaya ana miƙa ƙimar daban. Yau, ba bayan jarrabawa ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, naku kuma Asma'u ta nuna muku inda tsagar take. Kana can kuma ka duba tsarin haruffan databes ɗin yana kan utf8mb4, in latin1 ne sunaye masu ƙ da ɗ da ɓ za su koma alamar tambaya a kan takardar sakamako.

Sake rubutu da Go kuwa, a'a. Wata shida za ka kashe ka dawo da matsalar cikin sabon yare, don na kusa rantsuwa ba PHP ke ja muku ba, databes ne. Saka Laravel Debugbar a kwamfutarka ka buɗe shafin sakamako ka ga kweri nawa yake yi. Abin da aka saba gani shi ne an ɗauko ɗalibai da kweri ɗaya, sannan a cikin zagaye ana komawa a tambayo darussan kowane ɗaya, a cikin wannan kuma a sake tambayo sunan kowane darasi, aji mai mutum 40 da darasi 12 sai ka ga shafi ɗaya ya je databes sau 500 da wani abu. A ranar da ba kowa ba za ka ji ba, ranar da mutum dubu suka danno lokaci guda sai MySQL ya durƙusa. Maganinsa with() ne a Eloquent, ya kwaso su a kweri uku ko huɗu. Sai indeks, wato fihirisar da ke saurin kai databes ga abin da ake nema: ginshiƙin lambar ɗalibi da na zango da na shekara da kuke bincike da su, in ba indeks to duk tambaya sai an karanta teburin daga sama har ƙasa. Sa EXPLAIN a gaban kwerin zai nuna maka.

Bayan wannan, sakamakon da aka riga aka saki ba ya canzawa, to me ya sa za a dinga lissafa GPA daga farko duk lokacin da yaro ya sake lodin shafi? A lissafa sau ɗaya a adana. In kuna haɗa PDF ne a take, wannan shi ne mai cin saba fiye da komai, ku haɗa su tun daren jiya ta hanyar kiyu (layin ayyukan da saba ke yi a bayan fage) ku ajiye, Nginx ta dinga miƙawa kamar hoto. A nan ma Node da kake sha'awa zai iya fin ba ka kunya, don zare ɗaya yake aiki da shi, yana da ƙwari wurin jiran dubban haɗi lokaci guda kamar hira ta kai tsaye, amma aiki mai nauyin lissafi irin haɗa PDF in ya riƙe zaren kowa sai ya tsaya.

Sai ka duba sabar kanta. OPcache, mai ajiye kod ɗin PHP a RAM don sauri, a kunne yake? Pm.max_children na PHP-FPM nawa ne? Sau da yawa za ka tarar an bar shi a 5 yadda ya zo, wato mutum biyar kawai ake sallama lokaci guda komai girman sabar, sauran suna layi har burauza ta gaji. Ka duba RAM nawa kowane ma'aikaci ke ci, ka cire rabon MySQL, ka raba ragowar, abin da ya fito shi za ka sa. In kuma har yanzu kuna kan hostin na haɗaka ne, to kwaleji ta wuce nan, ku koma VPS, kuma yawancin masu bayar da shi suna barin ka ƙara masa girma na kwana biyu ka mayar bayan an gama rububin. Kafin ranar ka gwada da manhajar gwajin cunkoso irin ab ko k6, ka tura wa shafin buƙata 200 lokaci guda a kan sabar gwaji ka ga inda zai fara tari, ba a fafe gora ranar tafiya. In an yi duk wannan ka sake rubuto min adadin kwerin da Debugbar ya nuna kafin gyara da bayansa, da abin da ka samu a max_children.